Kafin A Sayo Motar Lantarki, A Dasa Inuwa

 Wannan makon ni layi ya zagayo wa, na kuma zaɓi in yi magana a kan abin da wasu za su ce ba ruwansa da adabi, wato yadda ɗalibi yake zuwa jami'a da yadda yake kai-komo a cikinta. Ku daure ku bi ni zuwa ƙarshe, za ku ga inda zancen ya taka mana ƙafa.

Duk mai karanta littattafanmu na yanzu, na bugawa ko waɗanda ake saki a waya shafi-shafi, ya san wannan fagen. Safiya ce a jami'a. Wata dalleliyar mota mai baƙin gilashi ta kunno kai, ɗalibai suka bi ta da ido. Ta tsaya, aka ɗauki minti biyu ba a buɗe ƙofa ba, sannan jarumi ya zuro ƙafa, ƙamshin turarensa ya riga shi fitowa. Na karanta irin wannan ya fi a ƙirga, kuma ba zan ɓoye muku ba, ni ma na rubuta shi a labarina na farko. Abin da ban taɓa cin karo da shi ba shi ne jarumin da ya iso lakca a kan keke, ya kafe shi a gindin darbejiya, ya sa masa kwaɗo, kuma mai labarin ya bar shi da mutuncinsa har shafin ƙarshe. In dai mai keke ya fito a labarinmu, to ko dai masinja ne, ko kuma wanda za a wulaƙanta a babi na biyu kafin a gano ashe ɗan attajiri ne da ya ɓata tun yana jariri.

To ɗalibin gaskiya fa? Ƙanwata tana aji biyu a wata jami'a da ba sai na kama suna ba. Kullum sai ta hau adaidaita sahu biyu kafin ta kai bakin get, sannan ta sake neman abin hawa daga get zuwa tsangayarsu, don tafiyar ta fi ƙarfin ƙafa in rana ta take. Wani lokacin ni nake ba ta kuɗin mota, shi ya sa na san lissafin. Ranar da ta fi ƙona mini rai ita ce wadda ta fita tun bakwai, ta biya kuɗin zuwa, ta zauna a aji awa biyu, sannan shugaban aji ya miƙe ya ce malam ya yi tafiya. Ta dawo gida ba karatu ba canji.

Mu ɗauka ɗalibi yana kashe naira 1,000 a rana a kan abin hawa, zuwa da dawowa, kuma duk wanda yake zaune nesa da makaranta ya san ban tsawwala ba. Kwana 20 na karatu a wata, naira 20,000 ke nan. Daidai abin da asusun lamunin karatu na NELFUND yake bai wa ɗalibi a wata don ɗawainiyar kansa. Wato bashin da aka ba shi ya ci abinci ya sayi takardu, ɗan sahu ne zai karɓe shi kaf, shi ma ya miƙa wa gidan mai. Uban da yake kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, in yana da 'ya'ya biyu a jami'a, fiye da rabin albashinsa ya ƙare a kan titi.

Akwai yadda aka yi muka zo nan. Manyan jami'o'inmu an shata su ne a lokacin da man fetur bai fi ruwa daraja ba. A shekarun 1970 litar mai ba ta kai kobo 20 ba. Sai aka yanki maka-makan filaye a bayan gari, aka jefa wannan tsangaya a gabas, waccan a yamma, ɗakin kwanan ɗalibai a wata uwa duniya, aka shimfiɗa kwalta a tsakani. Dubi Jami'ar Bayero: tsohuwar makaranta tana wajen Kabuga, sabuwa tana can kan titin Gwarzo wajen Rimin Gata, masu karatun likita kuma suna asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru, tana Kongo, asibitinta yana Shika. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato mazauninta na dindindin yana wajen gari. Waɗanda suka zana taswirar nan sun zana ta da tunanin kowa zai samu mota, ko kuma makaranta za ta iya ɗaukar kowa a bas har abada.

Ranar 29 ga Mayu 2023 wannan lissafi ya rushe. Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Filayen suna nan yadda suke, nisan bai ragu da taku ɗaya ba, kuɗin ratsa shi ne ya ninka. Kiɗa ya canza, mu kuwa muna ta tsohuwar rawa.

Yanzu kalmar da take tashe ita ce sufuri mai ɗorewa. Da an ambace ta, hankalin shugabanni sai ya tafi kan motocin lantarki masu sheƙi da ranar yanka ƙyalle. Ni a wajena ma'aunin ɗorewa uku ne. Ɗalibi talaka zai iya biya? Iskar da muke shaƙa za ta gyaru? Kuma bayan shekara biyar, idan 'yan jarida sun watse, abin yana nan yana aiki? Duk tsarin da ya faɗi ko ɗaya daga cikin ukun nan, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. In aka auna da wannan mudu, za a ga motar lantarki tana da muhalli, amma ita ce ta uku a layi. Akwai abubuwa biyu da suka riga ta, kuma duk sun fi ta araha.

Na farko shi ne tafiyar da ba a yi ba. Babu motar da ta kai wannan sauƙi. Ɗalibin da aka sa wa lakca ɗaya da ƙarfe takwas, ta biyu kuma sai ƙarfe huɗu a wani mazaunin daban, an tilasta masa hawa mota sau uku ko huɗu a yini. Da masu tsara jadawali za su zauna su haɗe darussan kowane aji a wuri ɗaya, a kwanaki huɗu maimakon shida, da sun rage wa iyaye kuɗi ba tare da jami'a ta kashe ko sisi ba. Haka malamin da ya san ba zai zo ba, saƙo ɗaya a WhatsApp tun da daddare zai hana ɗalibai ɗari ƙona kuɗin mota. In ɗari ɗin nan kowa ya kashe 1,000, lakca ɗaya da aka fasa ba sanarwa ta ci naira 100,000 daga aljihun talakawa. Ba a rubuta wannan asara a kowane littafi, shi ya sa ba a ganin ta.

Na biyu shi ne ƙafa da keke, kuma a nan nake son in daɗe. Ƙasarmu ta Hausa shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara sai ɗan abin da ba a rasa ba. Irin ƙasar da aka yi keke dominta ke nan. Iyayenmu sun sani. Malamin makaranta da ma'aikacin En'e da ɗan kasuwa duk sun hau Raleigh da alfahari, har ana yi masa kwalliya da madubi da ƙararrawa. Keke ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, gyaransa kuma bai wuce faci da kaca da birki ba, abin da mai gyaran bakin titi zai yi maka kana tsaye. Tafiyar kilomita uku da za ta ci wa mai ƙafa fiye da rabin awa, mai keke zai yi ta a kwata.

Me ya hana? Rana ce ta farko. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40 har ya wuce, kuma kwalta tana mayar da zafin sama. Duk wanda ya ce wa ɗalibi ya taka daga get zuwa tsangaya da ƙarfe ɗaya na rana a kan titin da babu ko reshe, bai taɓa yin tafiyar ba. Shi ya sa na ce inuwa ita ce kayan aikin sufuri na farko a jami'ar Arewa. A ware hanyar ƙafa da ta keke daban da ta mota, a jera mata bishiyoyi hagu da dama, ta bi gajeriyar hanya daga ɗakin kwana zuwa aji zuwa laburare zuwa masallaci. Ba sai an ɗauko masani daga waje ya nuna inda hanyar za ta bi ba. A duba inda ƙafafun ɗalibai suka riga suka kashe ciyawa suka yi burtali, nan ne hanyar.

Zaɓen bishiya ma sai da lura. Darbejiya tana saurin girma, tana jure fari, akuya ba ta cika damun ta ba, kuma ba ta da ƙaya. Maɗaci yana jinkiri amma inuwarsa ta jikoki ce. Tsamiya da mangwaro suna ba da inuwa har da abin kai wa baki. Gawo kuwa, duk da yana fitar da ganye da rani lokacin da ake neman inuwa, ƙayarsa za ta mayar da hanyar keke kasuwar mai faci, don haka a bar shi a gonar jami'a. Sannan dashe ba shi ne aikin ba. Kowa ya ga yadda ake bikin dashen bishiya da damina, kafin bazara a tarar da sanduna a tsaye. Aikin shi ne shinge da ban ruwa na shekara biyu ko uku na farko. A ba kowane sashe nasa layin bishiyoyin, a ba ƙungiyoyin ɗalibai nasu, a riƙa ƙirga waɗanda suka rayu maimakon waɗanda aka dasa. Mu da muka san ladan dasa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba za su amfana da shi, bai kamata a roƙe mu wannan ba.

Wani zai ce ai zafi ya hana. Garin Davis da ke jihar Kalifoniya a Amurka shi ma shimfiɗaɗɗe ne, kuma bazararsa tana ƙuna. A 1967 suka fara ware wa keke nasa layin a kan titunan gari, jami'ar da ke garin kuma ta rufe tsakiyar harabarta ga motoci. Yau keke ne sarki a makarantar, farfesa da ɗalibi duk shi suke hawa. Motocin bas ɗin da ke jigilar ɗalibai a garin tun 1968 ƙungiyar ɗalibai ce ta kafa su, kuma ɗalibai ne direbobin. Ban kawo wannan don mu kwaikwayi Bature ido rufe ba. Na kawo shi ne don a ga mutanen da suka fi mu kuɗin sayen mota sun zaɓi keke, kuma shawara ce aka yanke da gangan.

Bayan inuwa sai tsaro. Ba wanda zai kawo kekensa in ya san kafin ya fito daga lakca an yi awon gaba da shi. Rumfa ɗaya mai mai gadi a kowace tsangaya, da kati mai lamba irin yadda ake yi wa babura a kasuwa, ta wadatar. Hanyar ƙafar kuma a sa mata fitilun sola, domin a zamanin nan na ƙwacen waya, inuwar rana ita ce duhun dare.

Sai na uku, motar lantarki. Ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari a inda ƙafa da keke suka gaza: tsakanin mazauni da mazauni, daga gari zuwa makaranta, da kuma ɗaukar waɗanda keke ba nasu ba ne. Mu faɗi gaskiya, a al'adarmu ta nan da wuya budurwa ta hau keke zuwa lakca, ko da yake a Wagadugu mata suna hawa ba wanda ya ɗaga ido. Ga masu juna biyu, ga masu goyo, ga masu buƙata ta musamman, ga dattawan ma'aikata. Waɗannan su ya kamata a fara ba wa kujera. Kada mu manta ita kanta adaidaita sahu ta samo sunanta ne daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, kuma don ɗaukar mata aka fara kawo ta. Sai bayan an hana acaɓa a Kano a 2013 ta zama ta kowa da kowa.

Kuma abin ba mafarki ba ne. A Maiduguri matashi Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire wa ƙananan motocin bas injin fetur ya mayar da su masu batir da ake caji da hasken rana. A watan Satumba 2019 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya buɗe tashar wuta mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, wadda ta haɗa sola da batir da janareta. Ranar da take gasa mu ita ce man da babu mai cire masa tallafi.

Amma a nan ne ɗan abin da na karanta a foliteknik yake sa ni ɗar-ɗar. Motar lantarki ba ta da baƙin mai, ba ta da fulogi, ba ta da salansa, gyaranta kaɗan ne. Sai dai ranar da ta tsaya, ta tsaya. Batir shi ne mafi tsada a jikinta, kuma zafi yana rage masa kwana, don haka wajen caji ma sai da rumfa. Ƙurar hunturu tana rufe fuskar faifan sola ta rage masa ƙarfi, sai an samu mai gogewa a kai a kai. In wani abu ya lalace a adaidaitar fetur, kafin la'asar ka samo shi a Ƙofar Ruwa. In na'urar da ke sarrafa wutar ta lantarki ce ta ƙone, wataƙila sai an yi oda daga Sin. Duk wanda ya taɓa leƙa bayan garejin wata ma'aikatar gwamnati ya ga maƙabartar motocin da aka yi wa biki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sa hannu a kwangila, a tambaya: wa zai gyara, ina kayan gyaran, kuma daga wane asusu za a sayi sabon batir in wannan ya mutu? A ware wani kaso daga kuɗin da fasinja ke biya tun ranar farko don wannan. A sa ɗaliban injiniya na jami'a da na foliteknik su yi horon sanin makamar aiki a garejin. Abin kunya ne makarantar da ke yaye injiniyoyi ta jira wani ya zo daga Legas ya ɗaure mata waya.

Na san akwai masu cewa za a kashe wa 'yan sahu da direbobin bas kasuwa. Maganarsu abin dubawa ce, su ma magidanta ne, kuma tsadar mai ta fi cin su. Mafita ita ce a sa su a cikin tsarin, a ba su masu lantarkin bashi suna biya a hankali daga abin da da za su kai gidan mai. Wanda ya san hanyar, ya san fasinjan, shi ya fi cancanta ya riƙe kan sabon abin hawan.

Yanzu bari in dawo gida, wajenmu marubuta. A dasa bishiya dubu, a shimfiɗa hanya, a gina rumfa, in saurayi yana jin hawa keke zai zubar masa da aji a gaban 'yan mata, ba zai hau ba. Na san samarin da suka gwammace su kwana da yunwa su hau adaidaita da a gan su suna murza feda. Wannan kunyar ba daga sama ta faɗo ba. Koya mana ita aka yi, kuma muna cikin malaman. Yarinyar da ta karanta littafi hamsin kafin ta shiga jami'a, a cikin kowanne mijin kirki da mota yake zuwa, me muke tsammani za ta gani in mai keke ya yi mata sallama? Shugaban jami'a yana iya gina hanya, amma abin da mutane ke ɗauka burgewa a hannun mai labari da mai fim da mai waƙa yake.

Ban ce mu mayar da littattafanmu wa'azin muhalli ba. Labarin da aka cusa wa darasi da ƙarfi ba ya karantuwa. Cewa na yi mu buɗe ido, domin muna barin labarai masu rai a bakin get muna bin mota mai baƙin gilashi. Layin jiran bas da safe cike yake da labari. Ɗalibar da ke ƙirga canjinta tana zaɓa tsakanin abincin rana da kuɗin komawa gida labari ce. Ɗan sahun da ya bar makaranta a aji uku, yanzu yake ɗaukar tsofaffin abokan karatunsa, labari ne. Tsohon mai ban ruwa da ya shekara talatin yana renon bishiyoyin da farfesoshi ke fakin a ƙarƙashinsu, ba wanda ya san sunansa, shi kaɗai ya ishi littafi guda. Waɗannan mutane sun fi jarumin turare kama da masu karanta mu.

Don haka ga ƙalubalena ga duk mai shirin sabon labari a zauren nan. Ka ba jaruminka keke. Kada ka sa shi ya zama ɗan sarkin da ya ɓoye kansa, kada ka saka masa da mota a babin ƙarshe. Ka bar shi da kekensa da hankalinsa da kwarjininsa, ka sa jarumar ta so shi a haka, ka kuma rubuta shi yadda mai karatu zai yarda. In ka iya wannan, ka iya rubutu. Ni ma na koma kan labarina na farko, na kashe motar nan, ina neman gindin darbejiyar da zan kafe keken.

Inda na yi kuskure, ƙofar gyara a buɗe take. Masu karatu a jami'o'i musamman, ku faɗa mana nawa kuke kashewa a rana da yadda kuke yi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah Ya sa mu dace.